Awon fili da kafa iyaka a gefen birnin Kano: abin da mai saye zai yi kafin ya biya

Wanda ya bi titin Gwarzo ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko ya miƙe titin Zariya, ko ya bi na Haɗeja ya nufi Gezawa, abu guda zai riƙa gani: gonar da aka yi girbin gero da gyaɗa a cikinta shekaru kaɗan da suka wuce, yau turakun siminti ne a jere da tarin bulo. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma tun daga lokacin birnin ke tumbatsa. Ya cinye yawancin gonakin Kumbotso da Ungogo, yana kutsawa Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa. Duk ango na neman ciki da falo, duk mai ɗan abin hannu na neman inda zai binne kuɗinsa kada darajar naira ta narke masa.

Idan masu nema suka yi yawa a wuri, farashi ne ke fara tashi, daga nan fuloti ya soma ƙanƙancewa, sannan a koma cin hanya. Unguwar da fili ke tafiya kamar tsire, a nan ne ƙafa biyu ke raba maƙwabta har gaban alƙali. Shi ya sa awo ke zuwa kafin biya. Wanda ya biya sannan ya kira safiyo, sai dai ya ji labarin abin da ya riga ya same shi.

Wane irin fili ne a gabanka?

Filayen gefen Kano kusan kashi biyu ne. Akwai wanda gwamnati ta yanka, mai lambar shiri da lambar fuloti, an fitar masa da tituna da wurin makaranta da masallaci a taswira. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona ko magadansa ko dillalin da ya sayi gonar ke yankawa da kansa ya sayar da shaidar mai unguwa da dagaci. Awon igiya ya fi arha, shi ne talaka ke iya kaiwa, kuma gidaje masu ɗimbin yawa a Kano a kansa suke zaune. Sai dai duk aikin da hukuma ta yi wa filin gwamnati, a awon igiya kai ne za ka yi wa kanka.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ke ba da haƙƙin mallaka, wanda takardarsa ita ce C of O, kuma ta gidan zama yawanci shekara 99 ce. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin gargajiya. Sashe na 22 ya ce mai shaidar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kai. Takardar mai unguwa tana nuna cewa an yi ciniki a gaban shaidu, kuma tana da amfani sosai, amma ba ta hana titin da aka riga aka zana a taswirar gwamnati ratsawa ta tsakar gidanka.

Don haka aikin farko na ofis ne. Ka karɓi kwafin duk takardar da mai sayarwa ke riƙe da ita, ka nemi a yi maka bincike a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Kano, da Ma'aikatar Ƙasa: sunan wa ke cikin fayil, an jinginar da filin a banki, akwai ƙorafi a kansa? A KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kuma ka tambayi abin da aka ware wurin dominsa. Mai saye a Kaduna zai yi irin wannan a KADGIS da KASUPDA, na Abuja a AGIS. Idan fulotin na diyya ne, irin wanda ake ba masu gonaki bayan gwamnati ta yanka gonarsu, ka bi takardar har ka ga sunan asalin wanda aka ba, domin irin wannan takarda kan wuce hannu huɗu ko biyar kafin ta iso gare ka.

Filin gado yana bukatar ƙarin haƙuri. Ka tambaya ko an raba, ka ga takardar rabon, ka tabbatar mata da marayu da wanda ke ci-rani sun san da cinikin. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a cikin filin da ba a raba ba yana da shuf'a, wato zai iya biyan ka kuɗinka ya karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar maka. Hadisin Jabir ya bayyana cewa idan an sa iyakoki an fitar da hanyoyi, babu sauran shuf'a. Ashe ko ta fuskar shari'a, iyakar da aka kafa ita ce ke kulle ciniki.

Lissafin da ya kamata ka riƙe a ka

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 daidai yake da mita 15.24 da 30.48, wato murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Mai 50 da 75 ya kama 348, mai 50 da 50 kuwa 232. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, kimanin murabba'in mita 4,047, hekta kuma 10,000. Kalmar "fuloti" ita kaɗai ba ta nufin komai a takarda, domin abin da ake kira fuloti a wata unguwa rabin na wata ne. A rubuta tsawon kowane gefe da lamba da kuma kalmomi, a faɗi ko ƙafa ce ko mita.

Wannan lissafin zai nuna maka halin mai yanka tun ba ka taka wurin ba. Eka ɗaya ba ta kai fuloti tara na 50 da 100 ba ko da ba a bar hanya ko ɗaya ba. Wanda ya fitar da takwas a eka, abin da ya bar wa hanya bai kai fuloti guda ba. Yankan da aka yi da tsoron Allah ya fi kusa da shida.

Kada ka yarda da awon taku. Ana ɗaukar taku ɗaya a ƙafa biyu da rabi, taku 40 ya zama ƙafa 100. Idan mai takun ya rage inci biyu kacal a kowane taku, an tashi da giɓin kusan ƙafa bakwai, kuma a faɗin ƙafa 50 wannan ya fi ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12. Igiya ma tana miƙewa idan an ja ta, tana tsukewa idan ta sha raɓa.

Ranar awo

Ka ɗauko safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da aka kafa da doka ta 44 ta 1989 don kula da wannan sana'a. Yaransa na iya riƙe na'ura a fili, amma sa hannu da hatimi nasa ne, kuma shi zai amsa idan an je kotu. Kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi. Safiyon da dillali ya kawo, ko mutumin kirki ne, ba kai ne ubangidansa ba.

Ka sa rana da safe, ka sanar da mutane tun kwana biyu ko uku kafin nan: mai sayarwa da kansa, maƙwabtan kowane gefe ko wakilansu, mai unguwa ko wanda ya aiko, da shaidunka biyu. A fara da cewa mai sayarwa ya taka kusurwa huɗu da ƙafarsa, ya nuna su a gaban kowa. Sannan a juya ga kowane maƙwabci: "Malam, nan ne iyakarka?" Idan ɗaya ya ce a'a, a tsayar da aiki a nan. Gara a ɓata yini guda a sasanta da a kafa turke a kan gardama.

Bayan an yarda da kusurwoyi, safiyo zai ɗauki lambobin kowace ɗaya da na'urar GPS ta masu awo, wadda kuskurenta bai wuce 'yan santimita ba, ko da na'urar da ake kafawa a kan ƙafa uku. GPS na wayar hannu kan kauce da mita uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, kuma mita biyar kashi ɗaya cikin uku ne na faɗin fulotinka. Waya tana kai ka unguwa, amma ba a kafa iyaka da ita.

Kai ma ka zo da tef mai ƙafa 100, ka auna gefe huɗu duka. Dillalai sun fi son auna gaba da gefe guda, alhali ɓarnar a baya take ɓuya. Fili mai tsawon ƙafa 100 da gabansa 50 ne bayansa 44 ya yi asarar murabba'in ƙafa 300. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallon ta a karkace. A 50 da 100 ya kamata ka sami ƙafa 111.8, a 50 da 75 kuma kimanin 90, kuma karkatattun layukan biyu su zo daidai da juna. Idan suka bambanta da yawa, filin a murɗe yake, kuma magini zai sha wahalar fitar da ɗakuna masu kusurwa daidai. A wuri mai gangare a riƙe tef a miƙe, kada a kwantar da shi ya bi ƙasa, domin hakan na ƙara tsawon da babu shi.

Hanya ma a auna ta, daga turkenka zuwa na wanda ke tsallake, a rubuta faɗinta a takarda. Wannan shi ne abin da masu saye suka fi mantawa, kuma shi ya fi cutar da su daga baya. Hanyar awon igiya ba ta da mai ita. Wannan ya fito da dakali, wancan ya tura katanga ƙafa ɗaya, wani ya haƙa masai a waje, kafin shekara goma lungun da tifa ke shiga ya koma sai Adaidaita Sahu. Faɗin da aka rubuta aka sa hannu shi ne abin da mai unguwa zai riƙe ya tsawatar.

Daga nan sai binne turaku, waɗanda masu aikin ke kira bikon. Na siminti ne, da ƙusa ko guntun rodi a tsakiya, da lamba a kansa. Tsakiyar ƙusar nan ita ce iyaka, ba gefen simintin ba. A haƙa rami a binne shi sosai, kansa kawai ya leƙo, a zuba kankare a kewaye. Turken da aka ɗora a kan ƙasa yaro ma zai gusar da shi. Ka ɗauki hoton kowane ɗaya yadda lambar za ta fito, ka kuma auna tazararsa da abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar ginin da ya riga ya tsaya ko turken wuta, ka rubuta. Ranar da aka tone shi, waɗannan ma'aunai biyu za su nuna gurbinsa.

Karanta taswirar da aka ba ka

Kada ka ninke ta ka jefa a akwati. Ka duba sunanka yadda yake a katin shaida, sunan unguwa da ƙaramar hukuma, lambar taswira, ranar awo, kibiyar arewa, ma'aunin zane, lambar kowane turke, tsawo da fuskar kowane layi, jimlar girman fili, da suna da hatimi da sa hannun safiyo. Ka koma fili ka gwada lambobin takarda da na kan siminti ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma tambayi shaidar cewa an ajiye kwafi a ofishin Babban Safiyon Jiha, domin taswirar da ba ta shiga can ba ƙarfinta kaɗan ne.

Akwai wani tarko da ke rikita har masu ilimi. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su a kan ma'aunin Minna, wato tushen da ake lissafa lambobin wuri daga gare shi, wayoyi da taswirar intanet kuwa suna aiki da wani ma'aunin daban mai suna WGS84. Lamba ɗaya idan aka karanta ta a ma'aunin da ba nata ba, tana iya jefa fili kusan mita ɗari daga inda yake, wato fuloti shida ko bakwai gaba. Mutum sai ya zuba lambobin a waya ya ga filinsa ya faɗa gidan wani, hankalinsa ya tashi a banza, ko kuma a nuna masa filin da ba shi ne na takarda ba ya yarda. Dole taswira ta faɗi ma'aunin da aka yi aiki da shi. Idan tsarin UTM ne, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, Kano tana shiyya ta 32, lambar gabas tana da alƙaluma shida, ta arewa bakwai.

Da lambobin nan ne ake ɗora filinka a kan taswirar gwamnati a ga ko ya hau wani abu: titin da ba a buɗe ba tukuna, burtali, makabarta, filin makaranta, ko hanyar ruwa. Layin wutar lantarki ma yana da haraminsa. Mai ƙarfin 330kV yana da mita 25 kowane gefe, mai 132kV mita 15, masu 33kV da 11kV mita biyar da rabi. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a wurare irin su filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa gini a kan filin da ake ɗauka na jama'a ne yana cikin haɗari ko da mai shi na riƙe da takarda.

Yadda ake gane unguwar da mutane ke so da gaske

Bukata iri biyu ce, kuma dillali ba zai raba maka su ba. Akwai ta masu saye su ajiye, akwai ta masu neman wurin kwana. Ta farko tana ɗaga farashin fili har ya ninka alhali ba a kunna fitila ko ɗaya a unguwar ba. Ta biyu ita ce ke kawo ɗan haya, ita ce kuma ke riƙe darajar gida idan kasuwa ta yi sanyi.

Ka zaga layuka uku ko huɗu ka ƙirga: nawa ne fili fetal, nawa ne kango, nawa ne ake zaune a ciki. Ka dawo bayan isha'i ka ga ko akwai motsin mutane da mai shayi, ka ga kuma ko abin hawa na yarda ya shiga. Ka tambayi matan aure da 'yan garuwa inda ake samun ruwa da nisan da ake yi kafin rijiyar burtsatse ta kawo, domin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, layi ɗaya na iya samun ruwa na kusa da shi ya rasa. Ka tambayi masu gidajen haya wata nawa ɗaki ke yi a rufe idan an tashi. Wannan amsar ta fi kowace magana ta dillali nauyi.

Sai ka san waye ɗan hayar wurin. Kusa da Jami'ar Bayero, wajen Rimin Gata, Ɗanbare da Janguza, ɗalibai da ma'aikata ne, kuma ɗaki mai banɗaki a ciki suke nema. Wajen Sharaɗa da Challawa ma'aikatan masana'antu ne masu neman sauƙi. Kusa da kasuwar Dawanau, shago da sito na iya fin ɗakin kwana kawo kuɗi, a nan kuwa faɗin hanya da fuskar fili su ne komai, tunda babbar mota ce za ta juya. Ka haɗa kuɗin fili da na gini da na takardu, ka raba da hayar shekara da ake biya a layin yanzu, za ka ga shekarun da kuɗinka zai yi kafin ya dawo.

Ziyarar watan Agusta ba ta da madadi. Filin da ke kyau a watan Maris na iya zama tafki da damina, musamman inda aka cike kududdufi da shara aka yanka. Ka duba alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta, ka sa a haƙa rami mai zurfin ƙafa huɗu ko biyar. Idan leda da tsumma ke fitowa, fandisho zai ci kuɗin da ya fi rangwamen da aka yi maka.

Ƙanƙancewar fuloti tana da illar da ba a gani sai an tare. Ana son tazarar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da ramin masai, 30 ta fi. Fili mai 50 da 50 duk faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai, saboda haka rijiyarka za ta zauna kusa da masanka ko na maƙwabci. Kafin ka saya ka tambayi inda na kowane gefe ya haƙa nasa.

Lokacin gini da bayansa

Yawancin shiga iyaka ba da mugun nufi ake yin sa ba. Lebura ya tone turke don ya haƙa ramin fandisho, magini ya ja zare daga inda ya ga dama. Ka kira safiyo ya dawo ranar da za a fitar da gini, ya kafa fegi a waje da rami yadda za a iya mayar da kusurwa. Katangar bulo mai inci tara tana zama a kan fandisho mai faɗin sama da ƙafa biyu, wanda ke fita kimanin inci tara kowane gefe, don haka idan fuskar katanga ta hau layi daidai, ƙafarta tana cikin ƙasar maƙwabci. Ko dai a ja ta ciki, ko a yi yarjejeniya a rubuce cewa katangar ta tarayya ce, a faɗi wanda ya biya da wanda zai iya ɗora rufi a kanta. Indararo da bakin kwano su zuba a cikin naka ko a hanya. Tazarar da za a bari daga titi kuwa KNUPDA ce ke faɗa a izinin gini, a karɓe shi kafin a sauke yashi.

Idan ba yanzu za ka gina ba, ka ɗaga bulo layi uku ko huɗu a kewaye, ko aƙalla a kusurwoyi, ka riƙa leƙawa duk bayan wata biyu ko uku, ka bar lambar wayarka wurin mai unguwa. Ka kuma fara neman C of O da taswirar da ke hannunka, ka adana rasiɗin kowane biya.

Ranar da ka tarar an gusar da turke, kada ka mayar da shi da hannunka, kada kuma ka rushe abin da aka ɗora. Ka ɗauki hoto, ka sanar da mai unguwa, ka kira safiyo ya sake fitar da kusurwar daga lambobin taswira a gaban ɓangarorin biyu. Sau da yawa maganar kan mutu a nan, ko a gaban dagaci ko hakimi, musamman idan dattawa suka tuna wa mutane hadisin da ya la'anci mai canza alamar ƙasa. Abin da aka sasanta a kai a rubuta shi da ma'auninsa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Idan ta ƙi ci, filin da ke da shaidar gwamna Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin sauraron ƙararsa a ƙarƙashin sashe na 39 na dokar 1978, kuma abin da lauya zai fara nema a hannunka shi ne taswirar awo, takardar ciniki, da sunayen waɗanda suka tsaya ranar da aka binne turaku.